Takalmin hawan dutse na gwanjo: wanne ne zai kai mutum ƙololuwar Chappal Waddi?

Idan aka kwance dilar takalman gwanjo a Kasuwar Ƙofar Wambai, cikin tarin kambas da sau-ciki akan tsinci wani takalmi mai dogon wuya da ke rufe idon sawu, sol ɗinsa da manyan haƙora, wuyansa da ƙugiyoyin ƙarfe na saƙala igiya. Daga nan yake bin 'yan gwanjo zuwa kasuwannin karkara: Wudil ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. A kan shimfiɗa but ake ce masa, a jera shi tare da na ma'aikatan kamfani mai ƙarfe a baki, kuma masu tayawa galibi 'yan acaɓa ne da 'yan sintiri masu neman abin da zai tare musu sanyin hunturu. Ba don wannan aka ƙera shi ba. Takalmin hawan tsauni ne, kuma wurin da ya fi dacewa a auna shi a ƙasar nan shi ne Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419.

Takalmin zai iya aikin, har ma ya fi duk wani sabon takalmi da za a samu a irin kuɗinsa. Matsalar ita ce cikin waɗanda ake shimfiɗawa akwai da dama da suka riga suka mutu tun suna cikin dila, kuma ido ba ya gane su. Wanda bai san yadda ake tantance su ba, gara ya tafi da takalmin roba irin na makiyaya.

Tsaunin yana jihar Taraba a kan iyaka da Kamaru, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, mai hedikwata a Serti. Ba a hawa sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta, kuma su ne za a tambaya halin tsaro kafin a bar gida. Hanya mafi gajarta ta tudun Mambilla ce: daga Jalingo a bi ta Bali da Serti, a haura daga Mayo Selbe zuwa Nguroje, sannan a nufi Njawai, inda sauran tafiyar ke komawa ta babur da ƙafa. Da rani ake zuwa, daga Disamba zuwa wajen Maris.

Mutumin Dutse ko Birnin Kudu idan ya ji an ce tsauni, falalen dutse ne ke zuwa masa a rai, da manyan duwatsu ɗore kan juna. A can ba haka abin yake ba. Mafi yawan tafiyar a kan ciyawa ake yin ta, kuma kofato da wuta ne suka ba ƙasar siffar da take da ita yau. Tsawon wurin da sanyinsa sun hana ƙudan tsando sakewa, ba a fargabar sammore kamar a kwari, shi ya ja Fulani da garkunansu zuwa waɗannan tuddai a ƙarni na 20. Ko da aka kafa gandun, an bar wasu keɓaɓɓun yankuna, irin su Chappal Hendu, inda makiyaya ke zaune da dabbobinsu. Da damina shanu na sama. Da rani a gangara da su inda ruwa da ɗanyar ciyawa suke, a cinna wa busasshiyar ciyawa wuta don ta yi toho. Shekara da shekaru ana haka, har kurmi ya ja da baya ya maƙale a kwazazzabai da bakin ƙoramu inda wuta ba ta kaiwa.

Ga abin da wannan ke nufi ga ƙafa. Saniya ba ta hawa gangare kai tsaye. A karkace take kiwo, wata na bin sawun wata, har jikin tudu ya zama 'yan siraran matakala a jere, kowace faɗinta bai wuce a ɗora ƙafa ɗaya ba. Mai hawa zai yi sa'o'i yana bin irin wannan labi, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, nauyinsa duka a gefen takalmi. Takalmi mai laushin sol yana naɗewa a nan, tafin ƙafa ya yi ta zamewa a ciki, kafin azahar gefen ƙaramin yatsa ya yi bororo. Inda shanu suka caɓa laka da damina kuwa, rani na shigowa take bushewa da ramukan kofato a jikinta, ta yi tauri, ciyawa ta lulluɓe ta. Nan ne ake yawan gurɗewa, musamman da yamma idan gajiya ta sa mutum ya daina duban inda yake takawa. Ita kanta ciyawar da ta jure kiwo da gobara a dunƙule take fitowa, kowane tushe tsaye shi kaɗai, ana taka kansa ya juya da ƙafa, kuma inda aka ƙona, tushiyoyin na da tsinin da zai huda yadin kambas. Sai mashaya, inda labi ke tsallaka ƙorama: taɓo gauraye da kashin shanu, da duwatsu masu gansakuka.

Wannan ƙasa ba ta neman takalmin ƙanƙara. Sol take so wanda ba ya murɗewa, mai taurin gefe da zurfin haƙora, da wuyan da zai tallafi idon sawu ba tare da ya ɗaure shi tamau ba.

Abin da ya sa gwanjon ke dacewa shi ne yawancinsa an ƙera shi ne don ƙasa mai irin wannan tarihi. Sunayen da ake gani a jikinsa, Lowa da Meindl na Jamus, Scarpa da Asolo da La Sportiva na Italiya, Salomon na Faransa, duk na ƙasashen da ke jikin tsaunukan Alfs ne, inda makiyaya ke haurawa da shanu tuddai da bazararsu, su sauko da su wajen Satumba, kuma hanyoyin masu yawon ƙafa da yawa a kan tsofaffin hanyoyin kiwo suke. Amma kamfanonin suna yin iri-iri. Meindl, alal misali, na sa wa takalmansa harafi daga A zuwa D: A na yawo a fili, D na ƙanƙara. Abin da Chappal Waddi ke buƙata yana tsakiya, wajen B. Na ƙanƙara ana gane shi da wani tsagi a bayan dunduniya inda ake maƙala ƙarafan kama ƙanƙara, kuma ko an danna shi da ƙarfi ba ya lanƙwasuwa. Yana burge ido, ɗan gwanjo kuma zai tsuga masa kuɗi, amma a kan ciyawa wahala ce kawai. Haka mai gashi-gashi a ciki: na zaman sanyi ne, da an fara hawa ƙafa za ta jiƙe da gumi. A ɗora a sikeli idan an samu. Ƙafa biyu su kama kilo 1 zuwa 1.4; abin da ya kai kilo 2 a bar shi.

Babban aibin kayan nan a ɓoye yake, tsakanin fata da robar ƙasa. Akwai wani soso a nan da ke shanye bugun ƙasa, kuma iri biyu ne. Ɗaya EVA, mara nauyi, wanda tsufansa shi ne ya lotse ya daina taushi, amma ba ya wargajewa. Ɗayan foliyuritan, PU a taƙaice, ya fi nauyi, ya fi jure kaya, shi ya sa takalman da suka fi tsada shi ake sa musu. Laifinsa ɗaya: damshin da ke cikin iska yana shiga jikinsa a hankali yana tsinka abin da ya haɗa shi. Zafi na gaggauta wannan, ajiya ma haka, domin takalmin da ake takawa yana matse damshin yana fitarwa, wanda aka ajiye kuwa yana tara shi. Sau da yawa tsakanin shekara 5 zuwa 10 daga ranar ƙira soson ya riga ya lalace, ko da ba a taɓa sa takalmin ba.

To a duba hanyar da ya biyo kafin ya iso shimfiɗar Wudil. Wani ya saye shi a Turai, ya yi hutu ɗaya da shi, ya jefa a kabad shekaru, sannan ya bayar. Ya shiga kwantena ya ratso teku, ya zauna a zafi da damshin bakin ruwa, ya kwana a sito mai rufin kwano, yanzu ga shi a rana daga safe zuwa la'asar kowace ranar kasuwa. Saboda haka wanda ya fi kama da sabo, haƙoransa ko gogewa ba su yi ba, shi ne abin tsoro. Kyan ɗan maciji gare shi. Yadda yake mutuwa kuma iri ɗaya ne: awa ta farko lafiya lau, sai bakin sol ya buɗe yana kaɗawa, soson ya fara zubowa kamar dakakken ƙuli-ƙuli, daga nan robar ƙasa ta rabu gaba ɗaya. Ɗaya ƙafar ba ta daɗewa take bi, tunda rana ɗaya aka yi su. A tsakiyar tudu, yini guda daga inda babur ke tsayawa, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Gwajin ba ya cin minti biyar, amma sai da yardar mai kaya. A ce masa, «Alhaji, zan ɗan lanƙwasa shi, idan ya tsaya na saya.» Wanda ya san kayansa ba zai hana ba. A fara da farcen babban yatsa: a danna soson ta gefe, a dunduniya da kuma inda yatsu ke lanƙwasawa. Mai rai yana shiga kaɗan ya dawo. Matacce yana barin rami, ko ya fashe, ko ya bar gari ko danƙo a farce. Sai a kama baki da dunduniya a lanƙwasa da ƙarfi sau goma ana duban gefe. 'Yan ƙananan tsagogi da ke buɗewa alama ce ta ƙarshe. Sannan a murɗa shi kamar ana matse wanki. Wanda ya dace yana ba da kai kaɗan ya tsaya, wanda ya murɗe gaba ɗaya ba zai riƙe gefen labi ba ko da sosonsa na da lafiya. A sa yatsa a ja bakin sol a wurare uku ko huɗu don a ji ko gam ya saki. A ƙarshe a ɗaga harshen takalmin, domin kamfanoni da yawa na buga wata da shekarar ƙira a takardar lamba. Idan PU ne kuma ya haura shekara 7 ko 8, sai dai a saye shi don fatarsa, da niyyar canja masa sol.

Wasu takalman an lulluɓe sosonsu da roba ta yadda farce ba ya kai wa gare shi. A irin wannan sai a zare shimfiɗar ciki, a danna dunduniya daga ciki da ƙarfi, a saurara. Ƙaras-ƙaras ko lotsawa gefe ɗaya sun isa hujja.

Haƙora kuwa da ashana ake auna su. Sabo yakan yi zurfin milimita 4 zuwa 5, kaurin tsinken ashana kuwa wajen milimita 2 ne. A kwantar da tsinke a cikin tsagi a tsakiyar tafi: idan haƙoran ba su ɗara shi sosai ba, takalmin zai yi sulɓi a kan busasshiyar ciyawa, wadda ke da santsi sosai a gangare. A duba kuma ko akwai ɗan mataki tsakanin dunduniya da tsakiyar sol, shi ne birki wajen saukowa. Robar da ta tsufa tana yin ƙyalli da tauri, farce ba ya kama ta. Irin wannan ba ta riƙe dutse. Tambarin Vibram, rawaya mai kusurwa takwas, alama ce mai kyau game da robar, amma bai ce komai ba game da soson da ke samanta, kuma akwai na jabu.

Ciniki a nan yana da wani abin mamaki da ke amfanar mai saye. Ɗan gwanjo da ido yake sa kuɗi, saboda haka mai ƙyalli ya fi tsada, mai 'yan ƙuraje a fata wanda aka ga alamar an yi ta takawa ya fi araha, alhali sau da yawa shi ne mai rai. A rage wani abu a aljihu don sabuwar igiya, sabuwar shimfiɗar ciki da aikin shumeka. Idan a kasuwar mako ce kuma an saba da mai kayan, a yi sharaɗi a gaban shaida cewa idan sol ya buɗe kafin kasuwa mai zuwa za a canja.

Lamba ta fi komai jawo nadama bayan soso. Lambar Turai ake bi, 41, 42, 43, kuma tsakanin ɗaya da mai bi mata bai kai milimita 7 ba. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a hau da ita, ba da ledar da ɗan gwanjo ke miƙawa don ƙafa ta zame ba. A zare shimfiɗar ciki a taka ta a tsaye. A gaban yatsan da ya fi tsawo ya kamata a ga ragowar santimita 1 zuwa 1.5. Dalilin wannan sai wajen saukowa yake bayyana: kowane taku ƙafa na zamewa gaba, idan babu fili farcen babban yatsa ya yi ta dukan bakin takalmi har jini ya kwanta a ƙarƙashinsa, bayan makonni ya cire. Faɗi ma abin dubawa ne. Wanda ya tashi da silifas da tafiya ba takalmi yatsunsa a buɗe suke, takalman Turai da yawa kuwa sirara ne, musamman na Italiya. Kada a yarda da «zai buɗe». Fata zalla na buɗewa kaɗan, amma mai roba zagaye da baki ba ya buɗewa ko kusa. Bayan an ɗaure, a ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu. Idan tana zarewa sama da ƙasa a ciki, bororo na nan tafe. A kuma ajiye takalmin a kan benci a dube shi ta baya. Wanda ya karkace ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, kuma zai tilasta wa sabuwar ƙafa ita.

Me shumeka zai iya? Abin da aka saba shi ne a kai masa ya zagaye sol da ɗinki, kuma a kan takalmi mai lafiyayyen soso wannan rigakafi ne mai kyau, musamman a baki. Sai dai allura na huda abin da ke hana ruwa shiga, ciniki ne da za a yi da sani. A kan mataccen PU kuwa ɗinki asarar zare ce, don zaren ba shi da abin kamawa. Zai riƙe robar na ɗan lokaci tana lilo, soson na zubewa ta tsakani, ƙafa na taka fanko. Gyaran gaskiya shi ne a ɓare robar ƙasa, a kankare tsohon soson tas har a ga ƙasan fatar, a goge da samfefa, a yanka sabon soso mai tauri daidai kaurin na da, a shafa gam a fuska biyu, a bar shi minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, a haɗa, a daddake da guduma, a danne shi awa 24, sannan a ɗinke. Shumekan da ya ce a dawo bayan awa ɗaya bai yi wannan ba. Sufa gulu ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan, yana bushewa ya yi ƙarau, lanƙwasa ta farko ya karye.

Maganar hana ruwa ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Takalmi mai tambarin Gore-Tex yana da wata siririyar shimfiɗa a ciki mai tare ruwa ta bar gumi ya fita, amma a na gwanjo sau da yawa ta riga ta tsage a inda yatsu ke lanƙwasawa. A gida a cusa jarida, a sa dutse ya danne, a tsayar da shi a baho da ruwa zuwa ƙasan igiya minti 15, jaridar za ta faɗi gaskiya. Ko ya yi yoyo kaɗan ba abin fasa tafiya ba ne da rani, tunda ruwan da za a gamu da shi raɓar safiya ce da ƙoramu. Mai fata zalla a shafa masa folish mai kakin zuma sau biyu. Kada a sa man gyaɗa, man kaɗe ko baƙin mai: suna sa fata ta yi laushi fiye da kima ta daina riƙe idon sawu, kuma suna sakin gam. Kafin a fara sa shi a wanke ciki, a shanya a inuwa, a barbaɗa hodar maganin ƙaiƙayin yatsu, don ba a san ƙafar da ta fita daga ciki ba.

Abokin gasarsa na gaske takalmin roban makiyaya ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Zubi ɗaya ne, babu gam balle ya saki, ana ɗauraye shi a ƙorama ya bushe nan take, kuɗinsa kaɗan ne, kuma da irinsa ake bin shanu a tuddai shekara zagaye. Amma Bafulatanin da ke tsalle da shi kan labi ƙafarsa ta yi kanta tun yarinta, idon sawunsa ya saba, sandarsa na hannu, kuma ba ya goye da jaka mai kilo 10. Ga baƙo, robar na tara gumi, ƙafa na zamewa a ciki, tsinin tushiya da tsakuwa na isowa tafi. Da safa mai kauri da ƙarin lamba ɗaya ana iya kai wa sama da shi, a wahale. Matsayinsa mafi kyau shi ne na biyu a cikin jaka: na tsallaka ruwa, na zaman zango, na alwala, kuma shi ne mafita idan but ya ci amana. Ko takalmin gwanjon ya ci duk gwaje-gwajen nan, kada a tafi ba tare da shi ba.

Sauran ba su cancanci dogon bayani ba. Rambut ɗin manoman shinkafa na Kadawa da Haɗeja ba ya riƙe dunduniya, awa ɗaya ta isa ya saɓule fata. Mai ƙarfe a baki an yi shi ne don daɓen masana'anta. Yana da nauyi, ƙarfen na ɗaukar sanyi, wajen gangara kuma yatsu shi suke duka. Mai kama da na soja zai jawo tambayoyi a shingayen bincike tsakanin Gombe da Gembu ba gaira ba dalili. Wanda ya cancanci a tsaya a duba shi ne kambas ɗin gudu a daji, mai gajeren wuya da manyan haƙora, wanda shi ma yana fitowa a dila. Sosonsa galibi EVA ne, don haka ba shi da wancan ciwon. Ga mai ƙarfin idon sawu wanda ɗan dako zai ɗaukar wa kaya, zaɓi ne mai kyau, sai dai toka da ƙaiƙayin ciyawa na shiga ta sama.

Bayan saye a ba shi aƙalla mako uku. Kwanakin farko awa ɗaya ko biyu a cikin gari, sannan tafiyar kilomita 10 a burtali, sannan da jaka mai kilo 8 zuwa 10 a kan duk dutsen da ke kusa, Rano ne, Kazaure, Dutse ko Birnin Kudu, ana mai da hankali ga saukowa fiye da hawa. Atisayen da ya fi amfani kuwa yana bayan gida: gonar dawa da aka girbe, kunyoyi sun bushe, tushiyoyi na tsaye. A bi gefen kunya ƙafa ɗaya sama ɗaya a kwari, a juyo a canja ƙafa, sannan a ratsa su a gicciye. A tara kilomita 40 zuwa 50 gaba ɗaya. Ƙafa na sabawa da takalmi a wannan lokaci, amma babban amfanin shi ne idan soson zai mutu, ya mutu kusa da shumeka.

A kan tsaunin, sanyi ne ke sa mutane su lalata takalminsu da hannunsu. Kano na wajen mita 480 ne daga saman teku, ƙololuwar ta ɗara ta da sama da mita 1,900, kuma zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000, wato bambancin digiri 12 ko fiye, ban da iska. Da dare kowa na matsawa jikin wuta, ya miƙa ƙafa, ko ya jera jiƙaƙƙen takalmi a bakin murhu. Zafin na narkar da gam, fata ta ƙanƙance ta yi tauri, da safe takalmin ya matse ko sol ya buɗe. A zare shimfiɗar ciki, a cusa busasshiyar ciyawa ko tsumma, a ajiye a cikin tanti nesa da wuta, da safe a kakkaɓe kafin a sa ƙafa.

Safar auduga ba ta dace ba, tana shan gumi ta riƙe. A nemi ta ulu ko mai haɗin nailan, ita ma akwai ta a gwanjo, ƙafa uku, a riƙa canjawa da rana. A yanke farce kwana biyu ko uku kafin tafiya. Wajen hawa a sassauta ƙugiyoyin sama don idon sawu ya motsa. Kafin a fara gangara a zauna, a buga dunduniya baya, a ɗaure wuyan tam. Da an ji wuri ya fara zafi a tsaya a manna filasta, kada a jira ya tara ruwa. Bayan alwala a goge ƙafa ta bushe ƙarau, har tsakanin yatsu, kafin a mayar da safa, domin jiƙaƙƙiyar fata ce ta fi saurin saɓulewa. Wanda ke son sanin ko takalminsa ya cika sharuɗɗan shafa a kan huffi ya kai wa malaminsa ya gani tun a gida. Ƙasar kiwo ce, akwai kaska, don haka a cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki kowace yamma. Tela na iya ɗinka marufi daga ƙafar tsohon wandon jins, daga ƙauri zuwa kan igiya, mai roba sama da ƙasa, ya tare toka da raɓa. A aljihun jaka a sa igiya ta biyu, allura da zaren shumeka, da dogayen yanka biyu na robar tiyub ɗin babur, wadda idan aka naɗe sol da ita tana kai mutum zango. Sanda kuwa a karɓi shawarar makiyaya a riƙe ta a hannun da ke ɓangaren sama na gangaren.

Da an dawo gida a wanke kashin shanu da toka da buroshi da ruwa zalla kafin su ci zare, a cire igiya da shimfiɗa, a shanya a inuwa kwana biyu, ba a kan kwano ba. Kada a ƙulle shi a leda ko a jefa shi saman silin inda zafi ke taruwa. Mai soson PU a riƙa fitowa da shi sau ɗaya ko biyu a wata, ko gona ce ko kasuwa, kuma kafin kowace doguwar tafiya a sake yi masa gwajin farce daga farko.